Ƙararrawar ƙarfe 8

Ƙarfe 8 na dare wayata take ƙara. Ni na saita ta da hannuna ranar da likita ya ɗora 'yata mai ciwon sikila a kan maganin da ba a tsallake masa rana, don na san halina na mantuwa. Da ta ji ƙarar, ko tana tsakiyar wasa, sai ta yamutse fuska ta ce, "Abba, wayar nan taka ta cika sa ido." Sannan ta miƙo hannu ta karɓa, ta haɗiye, ta wangale min baki in duba, kamar na ce ina zarginta.

Shekara 4 ke nan da rasuwarta. Tana da shekara 9 Allah ya karɓi abinsa. Na daɗe ban iya ba da labarin nan ba, kuma ko yanzu ba jinyar ce ta fi ci min rai ba. Abin da na yi bayan ta tafi ne, alhali ina ganin haƙuri nake yi.

Ita ce 'yarmu ta fari. Watanninta 6 na farko lafiya lau, ɓul-ɓul da ita, kowa na son ɗauka. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa jariri yana zuwa duniya da wani nau'in jini na zaman mahaifa wanda sikila ba ta iya lanƙwasa shi, kuma sai wannan jinin ya fara ja baya ciwon yake bayyana. Wata safiya muka ga bayan hannuwanta da ƙafafunta sun kumbura suntum, da an taɓa sai ta tsandara ihu. Muka yi ta zargin cizon ƙwaro. A asibiti aka ɗebi jininta, aka ce mu ma mu bayar da namu.

Likitan ya ja takarda ya zana akwati huɗu. Ya ce, "Kai AS ne, maiɗakinka ma AS ce, yarinya kuma SS." Wato mu biyu muna ɗauke da irin ciwon a jini bai kama mu ba, ita kuwa ta gada daga kowannenmu ya kama ta. Ni da ban taɓa kwana a gadon asibiti ba, ita ma haka, ba mu taɓa kawo wa ranmu yin wannan gwajin kafin aure ba. Na dubi akwatunan, na yi masa tambayar da har yau nake jin kunyarta: tunda wannan ta ɗauke kaso ɗayan, ke nan ukun da za su biyo baya lafiya za su zo? Ya girgiza kai ya ce ciki ba ya tuna na gabansa. Kowane ciki da nasa lissafin, kashi 25 cikin 100 SS, 50 AS, 25 AA, wato wanda bai ɗauko irin ciwon ba sam. Kana iya haifar huɗu ba mai ciwon, kana iya haifar huɗu duk masu shi.

A hankali muka zama rabin likitoci. Na san cewa jar ƙwayar jini ta mai lafiya kewayayyiya ce mai laushi, tana kai kwana 120 tana aiki, ta 'yata kuwa da iskar oksijin ta yi mata ƙaranci sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa kullum jininta a ƙasa yake, idonta da ɗan rawaya-rawaya. Waɗannan laujunan su ne ke cunkushe ƙananan hanyoyin jini, inda suka toshe kuma nan ciwo ke tashi. Da ta iya magana na tambaye ta yadda take ji. Ta ce, "Abba, ƙashina ake taunawa."

Kowace safiya mahaifiyarta takan kwantar da ita ta lalubi ƙasan haƙarƙarin hagu ta ji ko saifa ta sauko, don an gargaɗe mu tana iya kumbura farat ɗaya ta riƙe jinin yaro. Ni kuma nawa shi ne in ja fatar idonta ƙasa in ga ko ta yi fari, in dubi tafin hannu. Akwai gorar ruwa da na yi wa layi-layi da biro, kowane layi da lokacin da ya kamata ruwa ya sauka a kansa. Sanyi abokin gaba, ƙishirwa abokiyar gaba, wasan da ya wuce kima ma haka. Fenisilin har ta kai shekara 5, folik asid kullum, daga baya aka ƙara haidiroksiyuriya, wanda ke sa jiki ya koma ƙera wani kaso na jinin nan na jarirai. Shi ne na ƙarfe 8. Kuma ya yi aiki, don an yi shekarar da sau ɗaya tak aka kwantar da ita.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka yarinya ce abar tausayi da ke kwance kullum. Bakinta ya fi jikinta ƙarfi. Maki take ba nas-nas idan sun zo neman jijiya: wadda ta samu a karon farko 10 bisa 10, wadda ta soka sau uku kuwa ta ce mata, "Anti, yau kin faɗi jarrabawa." In baƙo ya ce "sannu, mara lafiya," sai ta waiga bayanta ta ce da wa ake. Ƙaninta, wanda ya zo AS, ita ke juya shi kamar waina a tanda, shi kuwa Yaya ta ce, Yaya ta hana.

Dokar da aka fi nanata mana ɗaya ce. Likita ya ce saifar mai sikila takan lalace tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, don haka zazzaɓin da wani yaro zai kwana da shi, ita yana iya kayar da ita cikin sa'o'i. Ya ce da ma'auni ya nuna 38, ku taho, ko ƙarfe nawa ne. Mun bi dokar nan shekara da shekaru. Sau da yawa mukan je tsakar dare, a yi gwaji, a ba da magani, a sallamo mu da asuba, in wuce wurin aiki ido jawur. Sabo turken wawa.

Ciwon ƙarshe da ƙafa ya fara, irin wanda muka saba lallaɓawa a gida da ruwa da ɗumi da maganin rage zafi. Dare na biyu, wajen ƙarfe 11, jikinta ya yi zafi, tana ɗan tari. Na auna, 38.6. Maiɗakina ta ɗauko mayafi ta ce, "Abban yara, mu tafi asibiti." Na gaji a ranar, gajiya ta gaske. Na ce mata a ba ta farasitamol mu gani, in bai sauka ba sai mu tafi, in ya sauka mu bari gari ya waye. Ya sauka. Farasitamol aikinsa ke nan, ya sauke zafin ya bar abin da ya kawo zafin yana ta ɓarnarsa. Na san haka a daren, an faɗa min ba sau ɗaya ba. Na kwanta na yi barci.

Da asuba numfashinta ne ya tashe mu, gajere-gajere, da sauri, tana dafe da ƙirji. A asibiti aka maƙala mata na'ura a yatsa, na ga nas ta dubi lambar ta dubi abokiyar aikinta, ba ta ce komai ba. Hoton ƙirji ya nuna fari a ƙasan huhu. Likita ya ce ciwon ya hau ƙirji: laujunan sun toshe hanyoyin jinin huhu, oksijin ya ragu, raguwarsa kuma tana ƙara lanƙwasa wasu ƙwayoyin, su ma su je su toshe. Aka sa mata oksijin, aka ɗaura ruwa da allurai, aka yi ƙarin jini. Ba zan ɗora wa kowa laifi a wurin ba, na ga yadda suka tsaya a kanta.

Kwana 3 muka yi. A dare na biyu wayata ta yi ƙara ƙarfe 8, na yi sauri zan kashe. Ta buɗe ido, ta cikin abin oksijin ɗin na ga tana murmushi, ta ɗaga yatsa tana nuna aljihuna. Ba ta da numfashin da za ta ce ta cika sa ido, amma na ji. Washegari da rana tsaka, hannunta na cikin na mahaifiyarta, ta cika.

Ban yi kuka ba. Na yi salati, na rufe mata ido, na kira waɗanda ya kamata a kira. Na sa ta a makwancinta da hannuna. Mutane suka yi ta zuwa, kuma Allah ya saka musu, don ranar da babu kowa ita ce ranar da ka san amfanin zuwansu. "Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce," wannan yakan sanyaya min rai. Amma akwai masu cewa "ai ta huta," kamar shekara 9 ɗin nan duk wahala ce, babu dariya a ciki. Akwai masu cewa da sauran ƙuruciyarku, Allah zai ba ku wata, sai ka ce tufa ce ta yage. Abin da na fi ji kuwa shi ne yabo: "Ka ga namiji, ko gezau." Na karɓi yabon nan na yafa, ya zame min rigar da na kasa tuɓewa.

A daren da muka binne ta, ƙarfe 8, wayar ta yi ƙara a gaban mutane. Na fita waje na kashe. Na buɗe wurin da ake gogewa, na ɗora yatsa, na kasa. Gobe ma haka. Sai na mayar da ita marar sauti, tana girgiza kawai a aljihu, kuma kullum in takwas ta kusa sai in ce zan ɗan fita. Nakan tsaya a duhu a bayan gida, ta yi girgizarta a tafin hannuna har ta gaji, in share fuska, in dawo.

A cikin gida kuwa na kafa doka ba tare da na furta ta ba. Na tattara takalmanta da littattafanta da gorar nan na kulle a akwati, wai don kada mahaifiyarta ta riƙa gani tana tunawa. In ta fara, "Ka tuna ranar da ta..." sai in ce, "Ki yi mata addu'a kawai." In na tarar tana kuka in ce haƙuri za ki yi, kuka ba ya dawo da wanda ya tafi. A raina na ɗauka tsare ta nake yi. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji. Na tabbata duk ranar da hirar 'yarmu ta yi tsawo, za ta iso daren nan, ta dube ni ta ce, na ce maka mu tafi. Da na sani ƙeya ce, kuma ni kaɗai na san nauyin tawa.

Muka koma kamar baƙi biyu a masauki ɗaya. Gaisuwa, abin da yaro yake buƙata, sai da safe. Ta rame, ba ta barci. Ni kuma ƙirjina ya riƙa ɗaurewa har na je aka duba zuciyata, aka ce lafiyarta ƙalau. Ƙaninta mai shekara 6 ya daina ambatonta gaba ɗaya, na ɗauka yarinta ce, ya manta. Sai ranar da ya yi zazzaɓi ina auna shi, ya jawo kunnena ya raɗa min, "Abba, ni ma wurin Yaya zan tafi?" Raɗa ya yi. A gidan ubansa, yaro ya koyi cewa sunan yayarsa abin ɓoyewa ne.

Wani dattijo abokin mahaifina ne ya fara tsaga rigar. Na kai masa gaisuwa, ya tambaye ni ya haƙuri, na ba shi amsar da na saba ba kowa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, nawa da yana raye, bana shekararsa 41." Ban taɓa sanin ya rasa ɗa ba. Ya ce kowace shekara sai ya ƙara masa ɗaya. Sannan ya tambaye ni ko na fi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, haƙuri ne. 'Ya'yansa 7, shida ya rasa yana raye, Nana Faɗima ce kaɗai ta rage bayansa. Da ɗansa Ibrahim yake cikawa, yaro bai kai shekara 2 ba, ya rungume shi hawaye na zuba, har wani sahabi ya yi mamaki. Ya ce wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Ya kawo Annabi Yaƙubu, wanda da bakinsa ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ne idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin Yusufu. Duk na san waɗannan tun ina yaro. Ban taɓa jin su daga bakin wanda yake ƙirga shekarun mamaci ba.

"Baba," na ce, "ni na hana a kai ta asibiti." Karo na farko ke nan da maganar ta fita daga bakina, wata 14 bayan rasuwar. Bai ce min ba komai ba. Ya bar ni na yi kukan da na yi, sannan ya ce ba shi ya kamata ya fara jin wannan ba.

Duk da haka sai da na ƙara mako biyu ina jan ƙafa. Maiɗakina ce ma ta riga ni. Wani dare na miƙe zan fita, ta ce, "Abban yara, in aure za ka ƙara ka faɗa min, in kuma ganina ne ba ka son yi, shi ma ka faɗa min. Na san ni na bar ta ta yi wasa a ruwa." Na tsaya sororo. Ashe kwana biyu kafin ƙafar ta tashi an yi yayyafi, yarinyar ta roƙe ta, ta bar ta ta fita na ɗan lokaci. Wata 14 tana ɗauke da wannan, tana fassara shiruna da kulle akwatin da fitar dare a matsayin hukuncin da na yanke mata. Ni ina jiran ta tuhume ni, ita tana ganin na riga na gama tuhumarta.

Ban sami abin cewa ba. Takwas ta cika, wayar ta fara girgiza, na ciro na ɗora mata a tafin hannu. Ta karanta abin da ke rubuce a fuskar wayar, "maganin" da sunan 'yarmu. Muka zauna a ƙasa nan inda muke. Na ce mata ta ce mu tafi na ƙi. Ta ce ta tuna, kuma ita ma da zafin ya sauka ta ji daɗi ta kwanta. Ba mu wanke juna a daren ba, ba wanda yake da ikon wanke wani. Amma mun kai asuba muna hirarta, har da dariya, da muka tuno nas ɗin da ta faɗi jarrabawa.

Bayan nan muka koma wurin likitan 'yarmu tare, da tambayoyinmu biyu. Game da ruwa ya ce sanyi yana iya tayar da ciwo, amma sau da yawa yakan tashi ba tare da an ga dalili ba, kuma yaron da aka hana shi komai bai rayu ba. Game da nawa bai yi min ƙarya ba. Ya ce da mun zo a daren da an fara allurai da wuri, kuma dokar 38 tana nan daram. Sai ya ƙara da cewa wannan ciwon ƙirjin yakan kama yara da dama suna kwance a asibiti, kwana ɗaya zuwa uku bayan an kwantar da su saboda ciwon ƙashi, a gaban likitoci, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu sikila. Na fito ba a ce min ba ni da laifi ba, ba a kuma ce ni na kashe ta ba. A tsakanin nan nake zaune har yau. Na yi istigfari, ina kan yi. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka, kuma imanin bai hana ni sanin cewa an ba ni amana na yi sakaci na dare ɗaya ba.

Likitan ne kuma ya tura maiɗakina wurin likitan da ke duba damuwa. Da farko na ƙi, na ce ba hauka take yi ba. Ya ce baƙin cikin rashi ba ciwo ba ne, amma wanda ya daɗe bai sassauta ba, ya hana barci da aiki da kula da na raye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da ake dubawa a asibiti, jerin da ya fara aiki a 2022. Ta je. A zuwa na uku na bi ta, wai rakiya.

Mun buɗe akwatin. Ƙaninta ya ɗauki gorar, da ita yake zuwa makaranta, layukan biron sun kusa gogewa. Yanzu da ƙarfi yake cewa Yaya, har yakan yi mata ƙarya, ya ce ita ta ce a bar shi ya yi kaza.

Ba wai ya wuce ba ne. A ƙarshen 2023 na ga labarin cewa Ingila da Amurka sun amince da wani magani da ke gyara ƙwayar halittar mai sikila. Na yi wa 'ya'yan mutane murna, sannan na kife wayar na yi kwana biyu ba na son magana. In na ga 'yan mata sa'o'inta sun dawo daga makaranta, idona yakan nemi mai tsawon da za ta kai. Bana 13. Na zama dattijon nan.

Ranar 19 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa sikila tun 2008, iyayen da muka saba haɗuwa da su a layin asibiti sukan kira ni in yi magana. A nan na ji cewa jarirai fiye da 300,000 ake haifa da ciwon kowace shekara a duniya. Ba na iya dogon jawabi. Nakan ce wa samari da 'yan mata su yi gwajin kafin zuciya ta yi nisa. Iyaye kuma nakan ba su labarin 38.6 da farasitamol, da bakina, ina kallon idonsu. Akan sami uba ɗaya ko biyu da za su tsaya bayan an watse, su yi ta kewaye-kewaye kafin su faɗi abin da ya tsayar da su.

Watannin baya tsohuwar wayar ta mutu murus, na sayi wata. Ban tuna da komai ba sai da dare. Muna zaune, yaro na aikin makaranta, na ji gidan ya yi wani iri. Na duba agogo, takwas da minti goma. Maiɗakina ma agogon take kallo. Ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ta daɗe tana latse-latse, don ba ta saba da irinta ba, har yaron ya taso ya nuna mata wurin. Da ta dawo min da ita na duba. Ta saita ƙarfe 8, ta buɗe sautin, ta rubuta sunan kawai, ba ta sa "maganin" ba.